Kukan Sitiyari: Yadda Ake Bin Sawun Ciwon Akori-Kura da Kunne



Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne wani kuka da ya fi na kurciya kusa da ma'aikaci da ɗan kasuwa, watau kukan da sitiyarin motar akori-kura yake yi, da yadda ake bin sawunsa har a kama inda ciwon yake, a yi masa magani. Mai sauraro yana iya tambaya, me ya haɗa nazarin Hausa da gareji? Abin da ya haɗa su shi ne, bakanike da magana yake fara aiki tun kafin ya ɗauki sifana. A kan kalmar da direba ya faɗa masa yake ɗora bincikensa. Idan kalmar ta yi daidai, wani aikin bai wuce na rabin awa ba. Idan kuwa ta karkace, sai a sayi kayan da ba a bukata, a biya kuɗin aiki, a fito da mota, ciwon yana nan inda yake.

Sunan motar kansa ya isa a tsaya a kansa kaɗan. Kura ita ce amalanken nan da ake turawa da hannu ana dakon kaya a kasuwa. Da ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya ta zo ta karɓe wannan aiki, sai masu harshe suka laƙaba mata suna da jimla guda, a kori kura. Wadda ta fi shahara da sunan a ƙasar nan ita ce Peugeot 404, musamman bayan da masana'antar haɗa motocin Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, shekara uku bayan Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, sitiyari ya koma ɓangaren hagu. Daga baya Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ta zama ita ce jakar ma'aikatun gwamnati. Ita ke kai allurar riga-kafi ƙauye, ita ke ɗaukar malaman gona da masu duba makarantu. Saboda haka wanda ke zaune a gidan gaba sau da yawa jami'i ne irin waɗanda ke cikin wannan zaure, kuma shi ne zai sa hannu a takardar gyara.

Yadda sitiyari yake aiki

Ba a gane kukan abu sai an san gaɓoɓinsa. Daga zoben da direba ke riƙewa, sandar ƙarfe ce take sauka ta huda bangon da ya raba ɗakin direba da ɗakin inji. A jikinta akwai mahaɗa mai kamar gicciye, wadda kanikawa ke kira kuros, don sandar ta iya lanƙwasa tana juyawa. Ƙarshen sandar yana shiga ɗaya daga cikin abubuwa biyu. A Peugeot 404, da Hilux irin waɗanda aka fara fitarwa a 2004, ƙarfe ne dogo mai haƙora da ke kwance a gicciye, shi ne rak. A Hilux na kafin nan kuwa akwati ne na ƙarfe mai hannu a ƙasa. Ko wanne ne, aikinsu ɗaya ne, su mai da juyin sitiyari ya zama turi da ja. Wannan turi yana isa ga taya ta hannun tayirod, ita kuma tayar tana juyawa ne a kan boljoyin.

Boljoyin da kan tayirod ƙira ɗaya ce da gaɓar ƙugun mutum: dunƙulen ƙarfe ne zaune cikin gurbi, an cika gurbin da giris, an rufe da 'yar roba don kada ƙura da ruwa su shiga. A riƙe maganar wannan 'yar roba, domin za a komo kanta.

Akori-kura ta 404 ƙarfin damtsen direba ke juya ta. Motocin da suka biyo baya an ƙara musu mataimaki, watau famfo wanda inji ke juyawa da bel, yana tura mai cikin tiyo da ƙarfin da yakan kai kilo 80 ko fiye a kan kowane murabba'in santimita. Wannan dabara ta fara fitowa a motar sayarwa ga jama'a a Amurka a 1951, a jikin Chrysler Imperial. Ƙamus na Bargery kuwa ya fito a 1934, na Abraham a 1949. Ashe ke nan duk kalmomin da suka shafi famfon sitiyari da mansa a bakin kanikawan wurare irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka girma, ba wani kwamiti da ya zauna ya ƙirƙiro su. Akwai kuma wasu sababbin motoci, alal misali Ford Ranger daga 2015, waɗanda lantarki ke taimaka wa sitiyarinsu. Waɗannan ba su da famfo, ba su da man sitiyari, don haka abin da za a faɗa game da mai bai shafe su ba.

Kalma ɗaya ba ta isa ba

Abin da direba ya saba faɗa shi ne, "Sitiyari yana ƙara." Wannan magana daidai take da majinyacin da ya ce wa likita, "Ba ni da lafiya," ya yi shiru. Ƙara kalma ce mai faɗi, ta haɗa tsawa da faɗuwar cokali. Alhali kuwa Hausa tana da kalmomin da suka rarrabe sauti filla-filla: tsuwa irin ta ɓera ko ɗan tsako, gurnani irin na kare, nishi, huci, ƙugi. Bayan waɗannan akwai rukunin kalmomin da masu nazarin nahawu ke kira amsa-kama, irin su ƙiii, da guuu, da ƙiƙ-ƙiƙ, da ƙwas-ƙwas. Ɗalibi yakan ɗauka waɗannan kayan adon tatsuniya ne. A gareji kayan awo ne. Direban da ya ce, "Da safe in na murɗa har ƙarshe sai ta yi ƙiii," ya riga ya yi wa bakanike rabin aiki, domin ya faɗi irin kukan, ya faɗi lokacinsa, ya kuma faɗi abin da ke tayar da shi.

Gwaji na farko ba ya bukatar ko sifana. A tsayar da mota a wuri mai shiru, a tayar da inji, a juya sitiyari dama da hagu, a saurara. Sa'an nan a kashe inji, a bar makulli yadda sitiyari ba zai kulle ba, a sake juyawa. Zai yi nauyi, amma zai juyu. Idan kukan ya ɓace da aka kashe inji, to ciwon yana wajen bel ko famfo ko mai, tun da su ne ba sa aiki sai inji yana tafiya. Idan kuwa kukan yana nan, ba ruwan famfo, sai a nemi gaɓoɓin ƙarfe da robobi. Wannan gwaji na minti biyu ya raba matsalar gida biyu, kuma da ana yin sa, da famfuna masu yawa da aka cire aka jefar suna nan a jikin motocinsu.

Tsuwar bel

Kuka mai tsini, ƙiii, wanda ke tashi idan an murɗa sitiyari har ya ƙure, ya fi yawa da sanyin safiya ko bayan an ratsa ruwa, kusan kullum na bel ne. Dalili kuwa shi ne, a lokacin da sitiyari ya ƙure, famfo yana kan iyakar wahalarsa, yana turjewa. Idan bel ya saki ko ya yi santsi, sai ya zame a kan fulin famfo maimakon ya ja shi, zamewar nan ita ce tsuwar. A kashe inji, a danna bel da babban yatsa a tsakiyar inda ya fi tsawo. A tsofaffin motoci, lotsawar da ta wuce kamar santimita ɗaya alama ce ta saki, ko da yake kowace mota tana da nata ma'auni a littafinta. A duba cikin bel ɗin kuma. Idan ya yi ƙyalli kamar an goge shi, ko ya tsattsage, ɗamewa ba za ta yi masa amfani ba, canji yake so. Idan ya jiƙe da mai, sai an nemi inda man ke ɗiga an toshe, in ba haka ba sabon ma zai bi sawun tsohon.

Kanikawa suna da wata dabara mai kyau a nan. Inji yana silo, sai a fesa ruwa kaɗan a cikin bel, ana nesa da hannu da hannun riga. Idan tsuwar ta ƙaru, bel ya saki. Idan ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, ya fi yiwuwa fulolin ne ba su yi layi ɗaya ba. Sai dai akwai wasu dabarun da ba su da kyau, irin su goga wa bel sabulu ko kyandir, ko ɗiga masa man birki. Kukan zai yi shiru zuwa gobe, bel ɗin kuma ya ƙara lalacewa. Haka nan ɗamewa fiye da kima tana cinye boris na famfo, a tashi daga asarar bel a faɗa asarar famfo. A lura kuma, idan tsuwar tana zuwa ne da an tayar da inji ko da an kunna fitilu, ba tare da an taɓa sitiyari ba, wannan ba maganar sitiyari ba ce, a duba wajen cajin batir.

Gurnanin famfo

Na biyu shi ne kuka mai kauri, guuu, wanda ke hawa da sauka tare da inji, ya ƙaru idan ana juya sitiyari. Wannan famfo ne yake neman mai, ko kuwa iska ta shiga cikin man. A buɗe ɗan tankin man sitiyari a duba. Akwai alamar iyaka ta lokacin da mai ke da sanyi da ta lokacin da ya yi zafi. Akori-kura da yawa suna amfani ne da jan mai irin na giyar otomatik. Idan man ya yi kumfa, iska ce, kuma yawanci ta tiyon da ke kawo mai daga tanki zuwa famfo take shiga, ko ta 'yar robar da ke bakin mahaɗarsa. Irin wannan wuri yana iya shan iska ba tare da ya ɗigar da mai ko ɗigo ɗaya ba, shi ya sa yake wahalar da mai nema. Idan man ya koma baƙi-baƙi yana warin ƙuna, ya mutu, a zubar a sa sabo.

Man sitiyari ba ya ƙonewa kamar fetur. Duk lokacin da ya ragu, wani wuri yake fita. Direban da ke ajiye da galan a bayan kujera yana ƙarawa duk mako bai yi gyara ba, ciyar da ciwon yake yi. Wurin da aka fi mantawa shi ne robobin nan masu kamar zugazugi da ke rufe ƙarshen rak dama da hagu. A matsa su da hannu. Idan an ji mai a ciki, rak ɗin ne ke yoyo daga ciki.

Bayan an gyara yoyo, dole a fitar da iska. A ɗaga gaban mota har tayoyi su bar ƙasa, inji a kashe, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali kamar sau 20, ana duba tanki ana ƙarawa, har kumfa ta daina fitowa, sa'an nan a tayar da inji a maimaita. Abu ɗaya da ya wajaba a ja kunne a kansa shi ne, kada a kuskura a zuba man birki a tankin sitiyari don an rasa nasa a hanya. Asalinsu ba ɗaya ba ne, kuma robobin cikin famfo da rak ba don man birki aka yi su ba, za su lalace. Zuba man sitiyari a tankin birki kuwa ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, domin birkin ne zai tafi.

Akwai ɗan huci, suuu, da ake ji idan sitiyari ya ƙure. Wannan ba ciwo ba ne, bawul ne ke sakin ƙarfin da ya yi yawa. Amma kada a riƙe sitiyari a ƙure fiye da 'yan daƙiƙoƙi, mai yana zafi.

Kukan da ke kashe mutum

Duk abin da aka faɗa a baya, asararsa ta kuɗi ce da wahala. Idan bel ya tsinke, sitiyari zai yi nauyi ƙwarai, amma yana nan haɗe da tayoyi. Kuka na uku shi ne wanda ya kamata ya hana mutum barci, kuma abin mamaki shi ne ya fi sauran ƙanƙanta. Ƙiƙ-ƙiƙ ne, irin na tsohuwar ƙofa ko gadon ƙarfe, yana fitowa daga ƙasa wajen taya, ko inji yana tafiya ko a kashe, idan an juya sitiyari mota tana tsaye, ko an hau tudun rage gudu. Ma'anarsa ƙarfe yana gugar ƙarfe a bushe.

Ga yadda abin yake faruwa. 'Yar robar da ke rufe boljoyin ko kan tayirod takan tsufa da zafin rana, ko kara ya soke ta a hanyar gona, ta tsage. Da hunturu ƙura ta shiga ta gauraya da giris, ya zama kamar ana wanke gaɓar da yashi. Da damina ruwa ya shiga ya wanke sauran giris ɗin, tsatsa ta kama. Gargadar hanyar birji kuma tana dukan gaɓar dubban sau a tafiya guda. A matakin farko gaɓar kuka take yi. A mataki na biyu ta cinye har ta yi lako-lako, kukan ya koma ƙwas-ƙwas, mota ta fara yawo a kan hanya, taya ta fara cinyewa ta gefe ɗaya. A mataki na uku dunƙulen ya fice daga gurbinsa. Idan boljoyin ne, taya ta kwanta ƙarƙashin mota, gaban motar ya dafa ƙasa. Idan tayirod ne, tayar ta nufi inda ta ga dama, sitiyari yana hannun direba amma ba ya juya ta. Duk wanda ya saba bin hanyoyin ƙasar nan ya taɓa ganin mota a gefen titi ta durƙusa da ƙafa ɗaya kamar raƙumi. Wanda abin ya same shi yana tafiya a hankali cikin gari, ya gode wa Allah. Wanda ya same shi yana gudun kilomita 100 da mutane a baya, labarin ya sha bamban.

Mutum biyu ake bukata don gano gaɓar da ke kuka. Ɗaya ya zauna yana kaɗa sitiyari dama da hagu, mota tana kan tayoyinta, an ja birkin hannu, an sa waigi. Ɗayan ya bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya yana dafawa. Kunne yana ruɗuwa, domin ƙarfe yana ɗaukar sauti ya kai shi nesa da inda ya taso, amma tafin hannu ba ya ruɗuwa. Gaɓar da ta bushe za a ji tana karkarwa a hannu daidai lokacin da kukan ke fita. Wasu kanikawa sukan dafa bakin dogon sukudireba a kan gaɓar, su kara ƙotarsa a kunne, kamar yadda likita ke sauraron ƙirji.

Daga nan sai a ɗaga motar da jak, a tokare ta da abin da ba zai zame ba, domin ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. Motsi a nan na boljoyin ne ko na boris. Don a raba su, wani ya taka birki a sake girgizawa: idan motsin ya ɓace boris ne, idan yana nan boljoyin ne. Sa'an nan a kama tayar dama da hagu a girgiza, motsi a nan na tayirod ne. A wasu motocin sai an sa jak a ƙarƙashin hannun da ke ɗauke da taya kafin sakin boljoyin ya bayyana, don nauyin sifirin yana ɓoye shi, saboda haka rashin jin motsi a gwajin farko ba shaida ce ta lafiya ba. Shi kansa sitiyarin yana da ma'auni. A motocin Toyota, wasan da zai yi kafin taya ta amsa bai kamata ya wuce milimita 30 ba a bakin zoben.

Maganin ya danganta da matakin da aka kama ciwon. Tsofaffin motoci irin 404 an yi wa gaɓoɓinsu ɗan bakin ɗura giris, kuma ɗura shi a kan kari yana cikin aikin sabis. Idan gaɓa irin wannan ta bushe amma ba ta saki ba, giris da sabuwar roba sun isa. Gaɓoɓin motocin baya-bayan nan da yawa a rufe suke zuwa, ba su da wannan baki. Idan irinsu ta fara kuka, ko kowace iri ce ta yi lako-lako, canji ne kawai.

A nan ne ake yin aikin da ya fi kowanne haɗari, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa, don a sauƙaƙa wa mai mota. A huda robar da sirinji a ɗura baƙin mai, kuka ya ɗauke. Ko a cire gaɓar a bubbuge bayanta da guduma har ta matse, a mayar. Mai mota ya tafi yana murna an yi masa aiki da araha. Abin da aka yi a zahiri shi ne an toshe bakin mai gargaɗi. Ƙarfen da ya cinye bai dawo ba, kuma gaɓar da aka bubbuge ba za ta sake yin kuka kafin ta fice ba. Gara motar da ke ƙiƙ-ƙiƙ direba yana tsoronta da wadda aka yi wa irin wannan shiru.

Idan an tashi canji, akwai ƙananan abubuwa da ke raba aikin ƙwarai da na jeka-na-yi-ka. Notin boljoyin da na tayirod yawanci mai tsaga ne a ka, ana zura masa fin don kada ya warware. Sabon fin ake sawa, ba ƙusa ko guntun waya ba. Wajen cire kan tayirod, a ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya fita, a mayar da sabon da wannan adadi, wannan zai isa a kai motar wurin masu saita tayoyi, amma bai maye gurbin saitin ba. Kayan gwanjo na gaɓoɓin sitiyari kuwa caca ne, tun da ba wanda ya san tafiyar da suka yi kafin su zo kasuwa.

Bushin, watau robobin da ke tsakanin hannuwan taya da jikin mota, su ma suna irin wannan kuka, sai dai sun fi yi a kan gargada fiye da lokacin juya sitiyari. A fesa musu ruwan sabulu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi shiru shi ne. Ba a shafa musu baƙin mai, yana cin roba. Idan an sa sababbi, ba a ɗaure kusoshinsu tamau sai an sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, ta yage da wuri.

Sauran ƙananan kuka

Akwai tsuwar da ke cikin ɗakin direba, daidai bayan zoben sitiyari. Yawanci murfin roba ne ke guga, ko zoben tagullar oda ya bushe, ko robar da sandar sitiyari ta ratsa a bango. Ɗan giris ya isa. Sai dai idan motar mai jakar iska ce, akwai waya naɗe kamar gammo a wurin, kuma ba a taɓa komai sai an cire kan batir an jira aƙalla daƙiƙa 90. Idan sitiyari yana yin tauri ya saki, tauri ya saki, a cikin zagaye guda, kuros ne ya yi tsatsa, wannan kuwa ba a wasa da shi. Wasu akori-kura suna da kusoshin da ke tsayar da taya idan sitiyari ya ƙure. In hular robar da ke kansu ta cinye, sai a ji ƙara mai ban tsoro ana kwana a kan tudu da kwari, alhali maganinta giris ne na lakuce. Haka kuma direban da ya fito daga yashi ya manta bai cire giyar da ke jan tayoyi huɗu ba, zai ji tayoyi suna kuka sitiyari yana turjewa a kwanar kwalta. Motar lafiyarta lau.

Tsakanin direba da fayil

Saura hanyar da labarin ciwo ke bi a ofis. Direba ya faɗa wa jami'in kula da motoci da Hausa, da amsa-kamarsa da komai. Jami'i ya rubuta a takarda da Turanci, duk bayanin ya dunƙule ya koma kalma ɗaya mai nufin ƙara. Takarda ta hau sama ta sauko, bakanike bai ga direba ba, sai takarda. Daga nan ɗayan biyu ne. Ko a rubuto kuɗin sabon rak da famfo gaba ɗaya, don wanda bai san inda ciwo yake ba yakan canza komai, ko kuwa mai sa hannu ya ga ƙara ce kawai, ya ce a jira kuɗin wata mai zuwa. A na farko an yi ɓarnar dukiyar jama'a a kan abin da bel ɗaya zai gyara. A na biyu an bar boljoyin da ya bushe yana ɗaukar ma'aikatan lafiya zuwa ƙauye.

Ba abin da zai hana a rubuta maganar direba yadda ya faɗe ta, da Hausa, a littafin tafiye-tafiyen mota: irin kukan, daga ina yake fitowa, yaushe yake yi, kuma yana yi idan inji a kashe yake ko ba ya yi. Jami'in da bai taɓa riƙe sifana ba yana iya karanta wannan ya yanke hukunci. Ƙiii da guuu suna iya jiran ƙarshen mako, muddin akwai mai a tanki. Ƙiƙ-ƙiƙ da ƙwas-ƙwas daga wajen taya kuwa, motar ba ta fita gari sai an ɗaga ta an girgiza tayar. Idan an dawo da ita daga gyara, jami'in ya nemi a nuna masa tsohon abin da aka cire, ya leƙa ya ga fin a kan noti, ya tambayi takardar saitin tayoyi, sa'an nan direban da ya kawo ƙarar ya tuƙa ta a kan irin hanyar da ya fara jin kukan, kafin a sa hannu a biya.